Ragewa Ko Dainawa: Ina Mafita Ga Mashayi?

A Likoro da sauran garuruwan Kudan, Makarfi da Ikara, kuɗin rake da tumatir kan shigo hannun matasa a dunƙule, wasunsu kuma a kwalba suke ƙarar da shi. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma giya da ƙwaya ba su gushe ba. Mai neman tuba yakan tambaya: in rage ne, ko in daina ɗungurungum?

Ni dai ina ganin dainawa ita ce manufa. Mai shanye kwalba biyar a zama guda, ta farkon ce ke cire masa linzami, shi ya sa alƙawarin “ɗaya kawai” ba ya kwana. Shari'a ma ta haramta abin maye, kaɗan da mai yawa.

Sai dai akwai hatsarin da ba a cika ambata ba. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, idan ya yanke rana ɗaya, makyarkyata da jijjiga da ruɗewa na iya kama shi cikin kwana 2 zuwa 3, har rai ya salwanta. Irin wannan, likita ne zai janye shi a hankali, a Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna. Haramcin giya kansa daki-daki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i, aka rufe da Ma'ida.

Iyaye, asibiti ya kamata ku raka ɗanku, ba gidan mari ba.