Dokokin Miyagun Ƙwayoyi da Hukuncin da ke Hawa Kan Baƙo

Dokar miyagun ƙwayoyi ba ta tambayar mutum ko ɗan wace ƙasa ne. Da zarar matafiyi ya sauka a filin jirgin wata ƙasa, dokar wannan ƙasa ta hau kansa, ko Umra ya je, ko karatu, ko fatauci, ko aikatau. Fasfon Najeriya ba ya sa a dawo da shi gida a yi masa shari'a, jakada kuma ba shi da ikon cire shi daga hannun alƙali. Abin da Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta tanada shi ne a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema, a kuma bar jami'an ofishin su ziyarce shi su taimaka masa ya sami lauya. Daga nan sai roƙo.

Maganar ta shafi mutanen Kagarko da Jere da Kafanchan kai tsaye. Duk shekara maniyyata na tashi daga yankin ta hannun hukumar alhazai ta Jihar Kaduna, ga masu Umra, ga matasan da dillalai ke yi wa alƙawarin aiki a ƙasashen Larabawa da Asiya.

Saudiyya ce ya kamata a fara dubawa, don tana cikin ƙasashen da talakan Arewa ya fi zuwa. Tun 1987 ƙasar ta sanya hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi. A watan Janairun 2021 hukumomi suka ce an dakatar da kisa a kan irin wannan laifi, amma a Nuwamban 2022 aka ci gaba. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga mutum 345 da aka kashe a Saudiyya a 2024, kuma 122 daga cikinsu laifin ƙwaya ne ya kai su. Ƙungiyar ta kuma gano cewa daga 2014 zuwa tsakiyar 2025, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka kashe kan ƙwaya baƙi ne: 'yan Pakistan, Siriya, Jodan, Yaman, Masar, Somaliya, Habasha da Najeriya. A Afrilun 2019 an zartar da hukuncin a kan wata 'yar Najeriya. Akwai wani bambanci da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A shari'ar kisan kai, dangin mamaci na iya yafewa ko su karɓi diyya. A shari'ar ƙwaya babu dangin da za a je a durƙusa wa, domin hukuma ce mai ƙara, don haka ko gari guda ya haɗa kuɗi babu wanda za a miƙa wa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda wanda bai ji ba bai gani ba ke faɗawa ciki. A ƙarshen Disamban 2018 jami'an Saudiyya suka kama wata ɗalibar jami'a daga Kano a masaukinta da ke Madina, ta je Umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. An sami tiramadol a cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ya nuna cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano suka liƙa takardar sunanta a jikin jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare, gwamnatin tarayya ta sa baki, kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A Agustan 2025 aka sake yin irin haka a filin jirgin, aka tsare masu Umra uku a Jidda har sai da NDLEA ta kama masu hannu a ciki.

Yadda dabarar ke aiki ba ta da wuyar ganewa. A wurin awon kaya, kowace jaka ana ɗaura mata doguwar takarda mai lamba, sannan a liƙa wa fasinja ɗan ƙaramin yanki mai lamba iri ɗaya a bayan tikitinsa. Idan fasinja yana da izinin jaka biyu amma ɗaya ya kawo, gurbin da ya rage shi ne mugun ma'aikaci ke amfani da shi. A can ƙasar da aka sauka, sunan da ke jikin jaka shi ne mai jaka. Wannan ɗan yankin takarda da mutane ke yarwa shi ne shaidar adadin kayan da mutum ya auna. Ya kamata matafiyi ya tsaya da ƙafarsa a wurin awo, ya ƙirga yankunan da aka ba shi, ya ɗauki hoton jakunkunansa da waya, kada ya bar wa ɗan rakiya ko wakilin kamfanin tafiya fasfonsa ya je ya auna masa.

Ɗaya hanyar ta fi wuyar toshewa, saboda ta bi ta cikin zumunci. Al'adar ba da saƙo tsohuwa ce: ga yaji, ga kilishi, ga kuka, a kai wa wane a Makka. Mai tafiya yana jin nauyin ya buɗe ƙullin a gaban mai shi, kada a ce ya zarge shi. Alƙalin Jidda bai san wannan kunya ba. Saƙon da ba za a iya kwance shi a gaban ɗan aike ba, bai cancanci a ɗauka ba, ko daga hannun wa ya fito. Ko goro ma, wanda ba laifi ba ne a Kagarko, hukumar alhazai ta ƙasa tana gargaɗin maniyyata duk shekara cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. Haka maganin asibiti: mai shan tiramadol ko wani maganin barci bisa umarnin likita sai ya tafi da takardar likitan, maganin na cikin kwalinsa, kuma daidai kwanakin tafiya.

A kudu maso gabashin Asiya abin ya fi haka tsanani ta wata fuskar. Dokar Singapore ta 1973 ta ƙayyade nauyi: fiye da giram 15 na tsantsar hiroyin, ko giram 30 na hodar ibilis, ko giram 500 na tabar wiwi, hukuncinsa rataya. Dokar kuma tana ɗauka cewa wanda aka sami kaya a hannunsa ya san abin da ke ciki, shi ne zai kawo hujjar cewa bai sani ba. A Janairun 2007 aka rataye wani matashin ɗan ƙwallo ɗan Najeriya mai shekara 21, duk da cewa alƙali ya ce babu shaida kai tsaye da ke nuna ya san hiroyin ce ya ɗauko, kuma duk da wasiƙar roƙo da Shugaba Olusegun Obasanjo ya aika. Indonesiya ta harbe mutum takwas a tsibirin Nusakambangan ranar 29 ga Afrilun 2015, huɗu 'yan Najeriya ne. A Yulin 2016 ta ƙara harbe huɗu, uku daga cikinsu 'yan Najeriya.

Najeriya ma ta taɓa bin wannan hanya. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, ta tanadi kisa, aka kuma harbe mutum uku a Legas a Afrilun 1985. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke kisan, sannan ta kafa NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989. Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021. A ƙarƙashin dokar hukumar, shigo da ƙwaya ko fitar da ita, ko sarrafa ta, ko sayar da ita, na iya jawo ɗaurin rai da rai. Mallaka ko sha kuwa daga shekara 15 zuwa 25 ne a rubuce, ko da yake kotuna kan sassauta. Ana kuma iya ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron waɗannan shari'o'i, don haka wanda aka kama a Kagarko ba a kotun gari za a ƙare maganarsa ba.

Dokar ta hau kan baƙin da ke zaune a Najeriya kamar yadda ta hau kan ɗan ƙasa. A 2016 NDLEA ta kama 'yan Mexico huɗu a wata masana'antar haɗa ƙwaya a Asaba, a 2022 kuma wani ɗan Jamaika na cikin waɗanda aka kama kan hodar ibilis tan 1.8 a Ikorodu. Ɗan Nijar ko ɗan Chadi mai sana'a a kasuwar Kafanchan, katin ECOWAS ba zai kare shi ba. Babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda ta ratsa Jere, na cikin hanyoyin da jami'an hukumar ke tare motoci suna bincike, kuma direban da ya karɓi kwali a tasha ba tare da ya duba cikinsa ko ya rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa ba, shi ne zai fara amsa tambaya. Wannan ya shafi masu dakon citta da ke ɗora ƙarin kaya a saman lodi don samun na mai.

Akwai wani sashe da aka ƙara wa dokar a 1990 wanda mutane ƙalilan ne suka san shi. Ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan safarar ƙwaya, ya gama wa'adinsa aka koro shi gida, ana iya sake gurfanar da shi kan laifin ɓata sunan ƙasa. Hukuncin shekara biyar ne a gidan yari, tare da ƙwace dukiyarsa.