Alamar Wucin Gadi a Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai na kwamfuta gwani ne wajen zaƙulo abubuwan da suka yi tarayya a siffa ɗaya: duk ɗaliban aji uku, ko duk wanda bai biya kuɗin zango ba. Inda yake cijewa shi ne zaɓen da dalilinsa ke cikin kan mutum kaɗai. A ce an miƙa wa magatakardan makaranta takarda mai sunaye 40 daga cikin ɗalibai 900, a buga musu wasiƙa. Ba aji ya haɗa su ba, ba unguwa ba. Babu kalmar da zai rubuta a wurin nema ta kawo su tare.

Don irin wannan ake ƙara gurbin alama. Kowane ɗalibi yana da katinsa a rumbun, mai guraben suna da aji da sauransu. Sai a ƙara gurbi ɗaya wanda ba ya ɗaukar komai sai lamba 1, ko a bar shi fanko. Dabarar dillalin raguna ce, wanda ke shafa fenti a gadon bayan wanda aka saya ya bar shi cikin garke. Idan an gama bi, sai a nemi duk katin da ke da 1.

Rubuta 1 sau arba'in da hannu aiki ne mai gundura, shi ya sa ake haɗa gurbin da maɓalli. A FileMaker Pro, manhajar da ta fara fitowa a 1985 da sunan FileMaker kawai, wadda kamfanin Claris na Apple ke riƙe da ita, bayanai daban suke, shimfiɗar da ake ganinsu a allo daban. Idan aka ɗora maɓalli sau ɗaya a layin jeri, zai bayyana gaban kowane suna. Umarnin da ke bayansa gajere ne: in gurbin fanko ne a sa 1, in akwai 1 a goge. A Microsoft Access kuwa gurbin "i ko a'a" mai akwatin sa alama ne ke wannan aiki. A saman allo akan ƙara maɓallai biyu, ɗaya na nuna waɗanda aka yi wa alama, ɗaya na share alamomin.

Na sharewar nan ne ke son hattara. Umarnin FileMaker da ke sauya abin da ke cikin gurbi gaba ɗaya yana aiki ne kan katunan da aka fito da su a lokacin kawai, kuma ba a janye shi. Wanda ya share yana kallon aji ɗaya zai bar tsofaffin alamomi kwance a sauran azuzuwa, gobe su kutsa cikin sabon zaɓe. Wanda kuma ya yi shi da hannu alhali yana cikin gurbin suna, sunayen zai shafe. Maɓalli mai kyau yakan fara nemo masu alama duka tukuna, ya kuma san abin yi in bai sami ko ɗaya ba.

Babbar matsala tana zuwa idan rumbun yana kan sabar, mutane da yawa na aiki a kansa. Alamar a jikin kati take, ba ta san mai ita ba. Magatakarda na zaɓen masu wasiƙa, ma'aji na zaɓen masu bashi, fentinsu launi ɗaya. Wanda ya riga sharewa ya zubar da aikin ɗan'uwansa. Katin da wani ke gyarawa a kulle yake, alama ba za ta hau ba. Sa alama ma gyara ne a wurin manhajar, don haka ranar gyaran ƙarshe takan sauya ba gaira ba dalili.

Mafita ita ce a raba alamar da katin. FileMaker na da gurbin gama-gari, mai riƙe abu ɗaya ga tebur duka, amma a kan sabar kowane mai aiki nasa daban. Maɓallin sai ya riƙa tara lambobin shaidar katunan a ciki, kowace a layinta, a yi amfani da jerin wajen fito da su. Da mutum ya rufe fayil jerin ya tafi. Zaɓen da ake so ya kwana sai a buɗe masa ƙaramin tebur, kowane layi ɗauke da sunan mai zaɓe da lambar katin da ya zaɓa.