Kayan Wasan Rumawa Sun Cika Kanti, Ina na Kartej?

Wanda ya taɓa leƙa kantin kayan wasan yara na Turai zai tarar Rumawa sun yi kane-kane. Kamfanin Playmobil na Jamus, mai ƙera ƴan mutum-mutumin roba tun 1974, ya fitar da sojojin Rum da jirginsu da filin damben bayi. Lego kuma a 2020 ya fitar da ginin Kolosiyam mai guntaye 9,036. Amma abokiyar gabar da ta fi hana Rum barci, wato Kartej, da wuya ka gan ta. In ma an tuna da ita, giwa ɗaya ce da sarkin yaƙinta Hanibal a bisa, shi ke nan.

Kartej birni ne na Afirka, kangonsa na nan a gefen Tunis ta yau. Fataken Finisiya daga birnin Taya suka kafa shi, kuma ya gwabza da Rum sau uku tsakanin 264 da 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har Rumawa suka ƙone shi. Kusan duk labarinsa daga bakin waɗanda suka ci shi da yaƙi muka ji, shi ya sa har a akwatin wasa yake zuwa kamar ɗan rakiya.

Da ni za a tambaya, da jirgin ruwa za a fara. A 1971 aka gano ragowar wani jirgin Kartej a tekun Marsala ta tsibirin Sisili, aka ga haruffa a jikin katakansa, alamar da ke nuna wa kafinta inda kowane zai shiga. Wato tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce suke sassaƙa jirgi gunduwa-gunduwa sannan su harhaɗa, daidai yadda yaro ke yi da Lego. Me zai hana a yi akwatin da kowane katako ke ɗauke da harafin Finisiya, yaro ya bi harafi ya haɗa? Yana wasa yana ganin kakannin abacadar da yake koyo a makaranta, domin daga haruffan Finisiya na Girka suka fito, daga na Girka kuma na boko.

Jirgin Rumawa ma yana da nasa labarin. Da yaƙi ya ɓarke ba su da rundunar ruwa ta kirki, sai wani jirgin Kartej ya kafe a gaɓa, suka kwaikwayi ƙirarsa suka ƙera ɗari irinsa. Matuƙansu a kan tudu suka koyi tuƙi, zaune a kan benci suna jan iska. Da yake sun san ba za su kamo gwanintar abokan gaba ba, sai suka ɗora wa jiragen wata gada mai ƙaton ƙarfe a baki, su sake ta a kan jirgin maƙiyi ta cake, sojoji su tsallaka. Da ita suka yi nasara a yaƙin Milai a 260 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gada mai igiya da yaro zai ja ya saki, ai ba sai an roƙe shi ya yi wasa da ita ba.

Sai tashar jiragen yaƙi ta Kartej, wadda ita ce ya kamata ta zama babban akwati. Zagayayya ce kamar faifai, da tsibiri a tsakiya inda sarkin ruwa ke zama yana hango teku, ga rumfuna kewaye da ita masu ɗaukar jirage wajen 220. A gabanta akwai tashar fatake. Nan za a zuba tulunan man zaitun, da marina masu fitar da shunayya daga dodon koɗin teku, rinin da sai mai hannu da shuni ke iya saye. A ƙara da gona, tunda littafin noma na Mago, mutumin Kartej, mai juzu'i 28 ne majalisar Rum ta sa aka fassara bayan ta rushe garin.

Giwar ma ba a hana ta ba, sai dai a ba ta aiki. Kafin Hanibal ya hau duwatsun Alps a 218 da giwayensa 37, sai da ya ƙetarar da su kogin Ron a kan gumaguman itace da aka ɗaure aka lulluɓe da ƙasa, don su zaci ƙasa suke takawa. A yaƙin Zama kuma, a 202, sarkin yaƙin Rum Sifiyo ya bar hanyoyi tsakanin sahun sojojinsa, giwaye suka bi ta ciki suka wuce. Rundunar Hanibal kanta taron dangi ce: mahayan Numidiya da ba ruwansu da sirdi ko linzami, ƴan majajjawa daga tsibiran Baliyarik, mayaƙan Libiya da Sifaniya da Gol. Kowane da irin shigarsa, abin da mai ƙera kayan wasa ke nema ke nan.

Wani kuskure da ya kamata a kauce masa shi ne na tufafi. Sulken nan mai faifayen ƙarfe jere da ake sa wa kowane sojan Rum bai zo ba sai kusan ƙarni biyu bayan Hanibal, Kolosiyam kuwa sai shekara ta 80 miladiyya aka buɗe shi. Sojan Rum da ya tsaya a yaƙin Kanai a 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sulken zobba yake sawa in yana da hali, in talaka ne ɗan farantin tagulla a ƙirji, da doguwar garkuwa mai siffar ƙwai, da gashin tsuntsu uku tsaye a kan kwalkwali.