Majinyatan da suka kai kamfani kotu kan dakatar da maganin Parkinson

A watan Satumban 2004, kamfanin Amgen na Amurka ya dakatar da gwajin GDNF, wani sinadari da ake turawa ta bututu zuwa cikin ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson, wadda ke jawo karkarwa da sandarewar jiki.

Kamfanin ya ce gwajin bai tabbatar da amfanin maganin ba, kuma an ga lahani a ƙwaƙwalwar wasu birai da aka bai wa shi.

Wasu majinyatan ba su yarda ba. Sun ce jikinsu ya yi sauƙi, kuma sun amince su ɗauki kasadar. A 2005 suka garzaya kotu a jihohin New York da Kentucky, amma alƙalai suka ƙi tilasta wa kamfanin ya ci gaba da ba su maganin.

Duk da haka ba a haƙura ba. Ƙungiyar Parkinson's UK ta ɗauki nauyin sabon gwaji a Bristol ta Ingila da mutum 41. Sakamakon da ya fito a 2019 bai kai mizanin da aka gindaya ba, sai dai hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna alamun farfaɗowa. Har yau ba a amince da GDNF a matsayin magani ba.