Kuben Ƙaramar Bindiga: Aikin Dukawa da Tarkon da ke Cikinsa

Kuben ƙaramar bindiga gida ne na fata da ake ɗinka wa fistol ko libarba, a maƙala shi a ɗamara ko a rataya shi ƙarƙashin hammata. Yana riƙe bindigar kada ta suɓuce, yana kuma raba ƙarfenta da gumin jiki. Amma babban aikinsa shi ne rufe kunama ruf, yadda yatsa ko bakin riga ko makulli ba zai kai gare ta ba. Fistol da yawa na zamani, irin su Glock, ba su da wani maɓallin kullewa a waje da mai su zai murɗa. Da zarar an ja kunama akwai harsashi a ciki, ta tashi. Saboda haka masu wannan sana'a ke ɗaukar kube a matsayin wani ɓangare na bindigar kanta.

Ba da kowace fata ake yin sa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka daɗe suna ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, ta yi laushi da yawa ga wannan aiki, duk da darajarta. Ƙirgin saniya ake nema mai kaurin kusan milimita 3, wanda aka jeme da itatuwa, irin jimar bagaruwa da majeman Kano suka gada. Irin wannan ƙirgi in ya sha ruwa yakan yi laushi ya karɓi kowace siffa, in ya bushe kuma ya sandare a kanta. Fatar da masana'antu ke jemewa da gishirin kurom ba ta riƙe siffa haka, kuma masu sana'ar na gudunta don tana iya sa ƙarfe tsatsa.

Ɗinkin kansa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a rumfar baduku. Ana yanka fata bisa ma'auni, a haɗa gefuna, a huda ramuka a jere da basilla. Sai a ɗauki zare guda da aka goga wa kakin zuma, a zura allura a kowane bakinsa, allurai biyun su riƙa ratsa rami ɗaya, wannan daga dama, waccan daga hagu, ana ja ana tamkewa. Ɗinkin sirdi ke nan, kuma dalilin da ya sa ake fifita shi a kan na keke a fili yake: ɗinkin keke zare biyu ne da ke sarƙe da juna, in ɗaya ya tsinke sai layin ya fara warwarewa, shi kuwa na hannu ko zare ya tsinke a wuri guda, ɗaya ɓangaren na nan riƙe. Bayan ɗinki sai a jiƙa kuben, a zura bindigar ko siffarta a ciki, a bi da ƙashi ko katako mai santsi ana dannawa har fatar ta kwanta a kan kowane lungu na ƙarfen. A nan gwanintar take. Kuben da ya yi daidai, in aka kifa shi bindigar ba za ta faɗo ba, amma in aka ja ta da hannu za ta fito ba gardama.

Fata kuwa tana tsufa. Gumi da zafi da yawan mai suna sassauta ta, bakin kube ya lanƙwashe, wata rana mai shi ya zo mayar da bindiga sai gefen fatar ya naɗe ya shiga wajen kunama ya danna ta. Harsashin yakan bi cinya, inda babbar jijiyar jini take, wadda in ta fashe mutum na iya rasa ransa cikin 'yan mintoci. Wanda ya soke bindiga a ƙugu ba kube ya fi wannan shiga haɗari. A watan Nuwamban 2008, Plaxico Burress, fitaccen ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar New York Giants, ya shiga wani gidan rawa a birnin New York da Glock soke a wandonsa. Bindigar ta zame, ya kai hannu zai tare ta, ta tashi ta same shi a cinya. Ya warke, amma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 2, domin ba shi da lasisin riƙe ta a New York. Takardar da ya taɓa samu ta jihar Florida ce, ta kuma riga ta daina aiki.

Yawancin hotunan bidiyo da ke yawo a YouTube da Facebook kan ɗinkin kube da yadda ake yawo da bindiga a ɓoye daga Amurka suke fitowa, kuma dokar Amurka ce ke bayansu. Gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba jama'a 'yancin mallakar makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan 'yanci na kowane mutum ne a gidansa, a 2022 kuma ta faɗaɗa shi zuwa fita da ƙaramar bindiga waje domin kare kai. Jihar Illinois ce ta ƙarshe da ta halatta ɓoye bindiga a jiki, a 2013. Zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 sun soke sharaɗin neman izini gaba ɗaya. Wannan ne ya buɗe babbar kasuwa ga masu ɗinkin kube, daga manyan kamfanoni har masu aikin hannu a bayan gida.

Ko hakan ya ƙara wa Amurkawa tsaro, magana ce da masanansu suka daɗe suna ja-in-ja a kai. A 1998 masanin tattalin arziki John Lott ya fitar da littafin da ke cewa yawan bindiga na rage laifi. Kwamitin masana na ƙasa da ya sake duba alƙaluman a 2004 bai samu hujjar da za ta tabbatar da hakan ba. A 2019 John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya nuna cewa jihohin da suka sassauta dokar sun samu ƙarin laifukan tashin hankali da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara 10, in aka kwatanta da yadda da za su kasance ba tare da sassautawar ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne adadin gawarwaki. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Bindigar da aka saya don ɓarawo, sau da yawa a cikin gida take ƙarewa, ranar da rai ya ɓaci ko ranar da yaro ya lalubo ta. A watan Disamban 2014, a wani babban kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara 2 ya zura hannu cikin jakar mahaifiyarsa, jakar da aka yi wa aljihu na musamman don ɓoye bindiga, ya harbe ta har lahira. Matar tana da lasisi, ba ta karya wata doka ba.

A Najeriya al'amarin daban yake tun daga tushe, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na ƙasa su ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka ta maharba, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Na tsakiya su ne bindigogin farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, kuma lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na sama su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mutane da dama na zaton fistol, tunda ƙarama ce, tana cikin masu sauƙin hukunci. Ba haka ba ne. Dokar ta jera fistol da libarba a rukuni ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da bindigar soja da gurneti, har da ƙirar gida da maƙera ke yi. Hukuncin wanda aka kama da irin wannan ba lasisi ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ko a rukunin da ake ba da lasisi, ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka wuce. A 2023 ma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabbin lasisin ƙananan makamai. Saboda haka duk wanda ya zo da alƙawarin zai samo wa mutum takardar fistol ta bayan fage in an ba shi kuɗi, takardar bogi zai kawo, kuma laifi biyu ke nan za a tuhumi mai ita da su.

Tarkon da ke jiran baduku yana cikin aikin da aka bayyana a sama. Kube ba ya yin daidai sai an danna shi a jikin bindigar da aka yi shi dominta. A Amurka masu sana'ar na sayen siffofin bindiga na roba ko na alminiyom don wannan aiki, ba sa bukatar ta gaske. A kasuwannin Arewa irin wannan siffa ba ta samuwa, don haka mai son kube yakan zo da bindigar a naɗe cikin tsumma, ya ce a auna, ko ya bar ta kwana biyu har fata ta bushe. Daga lokacin da ta kwana a rumfa, a idon doka tana hannun mai rumfar. In jami'an tsaro suka zo bincike, cewa “ta mai kawo aiki ce” ba za ta fitar da shi ba, musamman in mai kawo aikin ya yi layar zana, ko aka gano an yi fashi da bindigar. Ɗinka fata ba laifi ba ne, dukawa sun gaji yi wa wuƙa da takobi kube tun kaka da kakanni. Amma wanda ya san mutum ɗan ta'adda ne ya kuma yi masa abin ɓoye makami, ana iya tuhumarsa da taimaka wa mai laifi. Ladan ɗinkin kube guda bai kai kuɗin zirga-zirgar kotu na wata ɗaya ba.

Ba za a yi wa masu neman makami adalci ba in aka ce ba su da dalili. Wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, aka sace masa iyali, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba ya bukatar a yi masa bayanin tsoro. Wannan ne ya sa a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta kira jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, domin harkar makamai ta gwamnatin tarayya ce. Kiran gwamna, ko na ɗan majalisa, ko na wani mai faɗa a ji, ba ya zama lasisi a gaban alƙali.

Haka nan akwai bambanci tsakanin 'yancin kare kai da 'yancin riƙe makami, kuma ana yawan cakuɗa su. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 da dokar Final Kod sun amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da na wani, amma da ƙarfin da ya yi daidai da barazanar, ba tare da wuce gona da iri ba. Wanda ya bi maharin da ya juya yana gudu ya kashe shi, ya fita daga wannan kariya. Wanda kuma ya kare kansa bisa ƙa'ida amma da haramtacciyar bindiga, kotu na iya wanke shi daga laifin kisa ta kuma ɗaure shi kan bindigar. Ban da wannan, fistol makami ne na kusa, wanda ko ƙwararru ke kuskure da shi in hankali ya tashi. Ba zai tsayar da gungun mahara masu AK-47 a kan babura ba, sai dai ya ba su dalilin buɗe wuta kan gidan baki ɗaya. A shingen bincike kuwa, bindigar da aka zaro daga ƙarƙashin riga ta isa a ɗauki mai ita ɗan fashi, in ma jama'ar gari ba su riga hukuma yanke masa hukunci ba.

Dukawa da masu ɗinkin takalma da jaka su kula da abin da ake kawo musu. Duk wanda ya zo neman kuben fistol, a tambaye shi katin aiki ko takardar hukumar da yake wa aiki, in babu a ba shi haƙuri, kuma ko da akwai kada a yarda bindiga ta kwana a rumfa. Masu lasisin bindigar farauta su ajiye ta a kulle ba ɗuri, harsashi a wani wuri daban, nesa da yara. Wanda kuma ya gaji bindiga, ko ya tsinta, ko wani ya ba shi ajiya, ya nemi lauya ko mai unguwa ko dagaci ya raka shi ya miƙa ta ga 'yan sanda ko ofishin Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa da aka kafa a 2021, ya kuma karɓi takardar shaidar miƙawa kafin ya bar wurin.