Shaidar Buhu, Shaidar Manhaja

Duk manomin da ya shiga kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi neman taki, sai ya karanta rubutun jikin buhu kafin ya biya. Idan ya ga 15:15:15, ya san ma'aunin sinadarai ukun da ke ciki. In kuwa irin masara ne, sunan SAMMAZ 15 zai shaida masa cewa irin ya samo asali daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ranar da shaida ta saɓa da abin da ke cikin buhu, damina ce ke tona asiri.

Haka al'amarin yake a kwamfuta. A tsarin .NET, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2002, kowane dunƙulen manhaja, wato asembili, yana ɗauke da shaidarsa a cikinsa: sunansa, da lambar fitowarsa mai gida huɗu, kamar 2.1.0.7, da jerin dunƙulen da ya dogara da su.

To, manhaja ba ta isa hannun jama'a a warwatse. Sai an tattara fayilolinta cikin ƙunshi guda, wanda Windows Installer ke kwancewa ya girka. Shi ma ƙunshin yana da tasa lambar, kuma gida uku na farko kaɗai ake dubawa wajen gane sabo. Idan mai haɗa ƙunshi ya rubuta lambar da hannu, ya manta bai ƙara ta ba, ko ya ƙara gida na huɗu kawai, tsohuwar manhajar na iya zama daram. Ga makarantar da ke horar da ɗalibai don jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, wannan na nufin malami ya zaci an yi gyara, alhali yara na fama da tsohon kuskure.

Maganin shi ne a bar na'ura ta karanto lambar da kanta. Kayan aikin WiX, da aka saki kyauta a 2004, yana ɗauko ta daga cikin fayil lokacin haɗawa, ya ɗora wa ƙunshi. Abin da ya rage wa mai rubuta manhaja shi ne ya ƙara ɗaya daga gidaje ukun farko duk sanda ya yi gyara. Ta haka bakin buhu da cikinsa ke zama ɗaya.