Yini Guda Ni Kaɗai A Birnin Masoya

 Yau labarin tafiya na kawo muku, dalilinsa kuwa wata ɗalibata ce a nan Funtuwa. Ana tsakiyar darasin lissafi na kama ta tana kallon wani hoto a ƙarƙashin tebur, hoton saurayi da budurwa cikin kwalekwale, ga gidaje tsaye cikin ruwa dama da hagu. Na tambaye ta ina ne nan, sai ta ce, "Malama, birnin masoya ne, ai sai wadda ta auri mai kuɗi ke ganinsa." Na ce mata sunan garin Benis, a ƙasar Italiya ya ke, kuma ni ɗin nan na yini cikinsa ba tare da kowa ba. Ta yi shiru, amma na ga alamar ba ta yarda ba. To, ga yadda aka yi.

A dogon hutun 2024 matar yayana ta haihu a Paduwa, wani gari na Italiya inda ya ke aiki, ga shi ba ta da kowa kusa. Aka yi shawara a gida ni zan tafi zaman jego, maigida ya amince, surukata ta karɓi yara. Da aka kusa arba'in sai yayana ya ce, "Ke da ki ke koya wa yara labarin ƙasa, za ki koma gida ba ki ga Benis ba?" Shi ba shi da hutu, maijego kuwa ba ta fita. Na buga wa maigida waya ya ba ni izini, yayana ya rubuta mini adireshin gida da sunan tashar jirgi a takarda, na yi sammako.

Tsakanin Paduwa da Benis bai kai daga Funtuwa zuwa Malumfashi ba, kamar rabin sa'a ne a jirgin ƙasa. Dab da isa sai ƙasa ta ƙare, jirgi ya hau wata gada mai tsawon kusan kilomita 4, ruwa ta ko'ina. Kina fitowa daga tashar Santa Lucia ruwa ne a gabanki maimakon titi. Babu mota, babu babur, babu keke. Garin tsibirai ne 118 da aka haɗa da gadoji kimanin 400, gidajen kuma an ɗora su bisa turakun itace da aka kafa cikin laka tun ɗaruruwan shekaru. Kayan miya, shara, maras lafiya, har gawa, duk a jirgin ruwa ake ɗaukarsu.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko gabana ya faɗi. Kowa bibbiyu, hannu cikin hannu, ni kuwa da lulluɓina da jakata. Amma ban yi nisa ba na lura kowa ta kansa ya ke yi. Lungunan garin sun fi na tsohon birnin Zariya rikitarwa, sai dai a kowace kusurwa akwai allo mai ruwan ɗorawa da kibiya, wani ya ce Rialto, wani San Marco, wani Ferrovia, watau tashar jirgin ƙasa. Ko kalma goma ta Italiyanci ban sani ba, amma da ya ke na iya haɗa baƙi, waɗannan alluna su suka zame mini ɗan rakiya. Sau biyu na ɓace, sau biyu suka mayar da ni hanya.

Kwalekwalen da ɗalibata ta gani sunansa gondola. A lokacin Yuro 90 ake biya don yawon rabin sa'a, kuɗin da ya fi albashina na wata. Ni kuwa na bi bayan matan garin masu dawowa daga cefane, na shiga irinsa da ke ƙetarar da mutane babban mashigin ruwa a kan Yuro 2. Akwai kuma wata 'yar gada rufaffiya inda masoya ke layin ɗaukar hoto, ana kiranta Gadar Ajiyar Zuciya. Da na karanta tarihinta sai na iske ta nan ake wucewa da masu laifi daga fadar sarkin garin zuwa kurkuku, ajiyar zuciyar ta ɗaurarru ce. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wanda ke kallon idon masoyiyarsa ina zai sami lokacin karanta wannan?

Abin da ya fi taɓa ni kuwa a wani ɗan shago na same shi. Ina wucewa na hango duwatsun wuya a taga, masu zanen furanni ja da shuɗi da ɗorawa, irinsu sak da waɗanda kakata ke ajiyewa cikin kwalla a Malumfashi. Ashe nan ne mahaifar irin wannan ado. Tun 1291 aka mayar da masu narka gilashi tsibirin Murano don gudun gobara, daga can kuma duwatsu suka bazu duniya. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851, ya lissafa duwatsun Benis cikin hajar da ya gani a kasuwa, tare da takarda mai alamar wata uku, irin wadda malamanmu suka daɗe suna rubuta Alƙur'ani a kai. Ta Tarabulus suka biyo, suka ƙetare hamada bisa raƙuma.

Su wa ke shirya ƙananan duwatsun nan a zare? Matan talakawa ne. Su kan zauna a ƙofar gida da akushin katako bisa cinya da dogayen allurai a hannu, suna hira suna aiki, a biya su gwargwadon abin da suka shirya. Da na ga tsohon hotonsu sai na tuna matanmu masu kaɗi da ɗinkin hula da suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida. A 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'ar duwatsun gilashi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Kin ga ashe garin da ake wa kirari da soyayya, ciniki da gumin mata na cikin abin da ya gina shi.

Ku 'yan makaranta, ga naku. Kusa da gadar Rialto akwai wani allo a jikin bango da sunan Elena Cornaro, 'yar garin, wadda jami'ar Paduwa ta ba digirin dakta a 1678, ita ake lissafawa mace ta farko da ta sami irinsa. Ban ga kowa na ɗaukar hoto a nan ba, amma ni na daɗe a tsaye.

Garin yana da nasa ciwon. Ruwa ya kan hau ya shiga gidaje, a 1966 ya kai santimita 194, a 2019 kuma 187. Mazauna tsohon garin sun kai kimanin 175,000 a 1951, amma a 2022 sun gaza 50,000, saboda gidaje sun koma masaukin baƙi, haya ta fi ƙarfin 'yan gari. A 2024 har aka fara karɓar kuɗin shiga Yuro 5 daga masu yini a ranakun cunkoso.

In Allah ya kai ki, 'yar'uwa, ki sa takalmi maras tsini don gadojin duk matakala ne. Ki riƙe alwala da ƙaramar darduma, masallaci ba ya kusa. Ki tambaya kafin ki ci abinci saboda naman alade da giya, kifi ya fi kwanciyar rai. Ki tafi da gora, akwai famfunan ruwan sha kyauta a filayen garin. Jakarki ta zauna a gabanki, kuma na gida su san lokacin dawowarki.

Sai kashedi guda. Ni na je da fasfo da biza a hannuna, da sanin mijina da iyayena, na sauka gidan ɗan'uwana. Akwai 'yan matan ƙasar nan da yawa da aka ruɗa da irin hoton nan da alkawarin aiki ko aure, aka kai su Italiya aka jefa su cikin karuwanci da bashin da ba ya biyuwa. Don irin wannan aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Duk wanda ya ce zai kai ki Turai amma kada ki gaya wa iyayenki, ki gaya musu a ranar.

Kafin magariba na koma Paduwa da duwatsu guda uku a jaka. Ɗaya na ba kakata, ta jujjuya shi ta ce ai nata ne aka sato. Ɗalibata kuwa na mayar mata da hotonta, na haɗa mata da taswirar garin da na zo da ita, na ce ranar Litinin ta nuna wa aji hanya daga tasha zuwa Rialto. Ta nuna, ba ta ɓace ba ko sau ɗaya.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Sai mun sake saduwa.